Jimla Biyar a Littafin Bahaguwa

Masu bibiyar labarin nan, ku gyara zama, wanda yake cin abinci kuma ya ajiye cokali tukuna. Kwana tara ke nan ban rubuta komai ba, na kuma ga saƙonninku, har da mai cewa amarya ta fara jan aji tun ba a kai ta ba. Ba jan aji ba ne. Hannuna ne a naɗe da bandeji, yanzun ma da yatsa ɗaya nake danna wayar.

Ga waɗanda yau suka shigo, ni malama ce. Manyan mata nake koya wa Turanci a wani ɗaki da na kama a saman kantin magani, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu na yamma. Shekarata ashirin da bakwai, kuma a gidanmu ana faɗin wannan adadin kamar ana faɗin sunan ciwo. Ana cikin haka wani mai sayar da kayan gini ya fito neman aurena, dogo, mai sanyin murya, mai farar mota, turarensa yana riga shi shiga ɗaki. Mama ta laƙaba masa Ɗan Albarka, sunan ya bi shi. Ba zan yi muku ƙarya ba, babu wanda ya tilasta ni, ni da kaina na ce ina so. Ya taɓa aure sun rabu, ya ce matar ba ta da cikakken hankali, ta koma wurin danginta can nesa. Ban tambayi komai ba, don kada a ce na cika bincike. Saura sati biyar bikinmu abin da zan ba ku labari ya faru.

Ranar Asabar ya ɗauke ni mu je duba labule. Na sa doguwar riga ruwan zuma da mayafi mai ƙananan duwatsu, ina zaune gaban mota ina jin kaina wata tsiya. A wata mahaɗa, wani dattijo mai raba biredi a babur ya zo wucewa, akwatin biredinsa ya goge ƙofar motar. Layi ne siriri, da za a shafa yawu a goge da ƙyar za a gan shi.

Ɗan Albarka ya kashe mota. Ya fita a hankali, ya rufe ƙofa a hankali, ya tsaya ya kwance agogonsa ya sa a aljihu. Wannan kwance agogon shi ne yake tayar mini da tsikar jiki har yau, don wanda zuciya ta ɗiba ba ya tuna yana da agogo.

Dattijon yana cewa "Yi haƙuri ɗana, tsautsayi ne," bai rufe baki ba mari ya sauka. Ya faɗi, babur ya faɗo masa a ƙafa, biredi ya watse a kwalta. Ɗan Albarka ya bi shi da ƙafa, a ciki, a haƙarƙari, a baya, bai ce uffan ba, ba zagi ba ihu, sai ƙarar takalmi. Na danna hon, na buga gilashi, na kira shi har muryata ta dushe. Sai da bakin mutumin ya fashe jini ya ɓata masa farin gemu, sannan ya dawo, ya zauna, ya mayar da agogonsa, ya dube ni da murmushi.

"Malamata, ruwan toka muka ce ko ruwan goro?"

Labulen yake nufi.

Da na koma gida na same su a kicin, Mama tana yanka albasa, Yaya tana zaune bisa kujera tana cin abin da ba ita ta dafa ba, kamar kullum in ta zo. Yaya ita ce babbarmu, kuma mijinta ne ya haɗa ni da Ɗan Albarka, saboda haka a wurinta mutumin nan ko laifi ya yi sai dai a ce iska ce ta kaɗa. Na zayyana musu komai.

Mama ba ta ɗago ba ta ce, "Ke ya daka?"

"A'a Mama, amma tsoho ne, ya haife shi."

"To, maza da motarsu sai Allah. Babanku ma da yana saurayi ba a taka masa takalmi."

Yaya ta ce, "Ke dai ki ce kin fara neman hanyar zillewa. Wancan kin ce gajere ne, wancan kin ce yana taunar abinci da ƙara, wannan kuma biredi ya zubar. Sai ki zauna ki auri allonki da alli."

Haushinsu na ji, amma na fi jin haushin kaina, don a can ƙasan raina ni ma so nake a ce mini ba komai ba ne.

Ranar Talata na shiga aji. Yadda nake koyarwa shi ne, kowane darasi kalmar aiki ɗaya nake ɗauka, in raba allo biyu. Hannun dama in rubuta ma'anar da ke cikin littafi, hannun hagu in rubuta yadda 'yan zamani suke juya ta a waya da bakin titi, don ɗalibaina ba jarrabawa za su rubuta ba, so suke su gane abin da 'ya'yansu suke cewa a gabansu. Bi da bi nake tafiya, ranar kuwa kalmar da ta zo ita ce "beat".

Na ce musu a littafi tana nufin duka. Ita ce kuma kaɗa ƙwai, ita ce buga ganga, ita ce bugun zuciya, ita ce doke abokin karawa a wasa. A ɗaya gefen na rubuta musu na titi. In yaro ya dawo ya zube a kujera ya ce "I'm beat", ba dukansa aka yi ba, gajiya ce ta yi masa liƙis. In aka ce wa mutum "beat it", an ce masa ya ɓace da gani ke nan. 'Yan kwalliya kuma in suka faɗe ta a kan fuska, suna nufin fuskar ta sha hoda da jan baki har ta ƙoshi.

Uwar 'yan biyu, wadda ba ta taɓa barin magana ta wuce ta, ta ce, "Wato Malama, kalma ɗaya ce a jibgi mutum, a soya ƙwai, a yi kwalliya? Mutanen nan rowa gare su har ta baki."

Matar direba ta ce, "Ni ta korar nan zan haddace, saboda ƙannen miji masu zuwa daidai lokacin sauke tukunya."

Aka yi ta dariya, har da ni. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba, wata mai ɗinki da take zama a kujerar ƙarshe kusa da taga. Wata uku ke nan da shigowarta, ba ta fashi, ba ta surutu, kullum cikin dogon hannu ko ana zafin da ke narka kwalta. 'Yan aji suna kiranta Bahaguwa saboda da hagu take rubutu, hannunta na dama a ɗan karkace yake daga wuyan hannu. Na ɗauka haka aka haife ta.

Dokar ajina guda biyu ce, kuma ina alfahari da su. Ta farko, kowa za ta rubuta jimla biyar da kalmar ranar, kuma dole su zama gaskiya daga rayuwarta, don abin da ya faru da mutum ba ya mantuwa. Ta biyu, kowane shafi sai an rubuta cikakken suna da kwanan wata a sama. Na sha mayar wa mace littafinta saboda ta manta suna. Suka rubuta, na tattara littattafan na tafi da su gida.

Washegari da hantsi ina zaune a kan gado, fanka tana juyawa, ledojin kwanuka da zannuwan gadon da Mama take tara mini sun cinye rabin ɗakin. Na ɗauki jan biro na fara dubawa. Uwar 'yan biyu ta rubuta cewa ta doke maƙwabciyarta a gasa da sabon firji, na yi dariya na ba ta maki. Sai na buɗe na Bahaguwa. Rubutunta manya-manya ne, a kwance, kowane harafi an danna shi har ya fito ta bayan takarda.

"My husband beat me four years."

Wato mijinta ya yi shekara huɗu yana dukanta. Ku ji halin malami, wallahi kafin maganar ta isa zuciyata hannuna ya riga ya ƙara mata kalmar da ta tsallake da jan biro.

"He beat my hand with iron and it break."

Ya daki hannunta da ƙarfe har ya karye. Nan ma na gyara mata kalmar ƙarshe.

"He beat me when I am pregnant and the baby die."

Ya dake ta tana da ciki, cikin ya zube. A nan biron ya tsaya.

"He remove his watch before he beat."

Yana cire agogo kafin ya fara.

"Teacher, he sell cement and he will beat you."

Malama, siminti yake sayarwa, kuma ke ma zai dake ki.

Ban san lokacin da na sauko daga gado na zauna a ƙasa ba. Masu sayar da siminti suna da yawa a duniya, amma agogon nan ni na gan shi da idona kwana huɗu da suka wuce. Tsoro ya kama ni. Bayan tsoron kuma sai wani abu ya taso mini wanda nake jin kunyar faɗa, wato daɗin cewa yau na samu hujjar da zan rufe bakin Yaya. Da wannan zafin na ɗauki waya na ɗauki hoton shafin gaba ɗaya, na tura mata.

Na rubuta, "Karanta ki gani. Tsohuwar matarsa ce, a ajina take. Yanzu ma ki ce zillewa nake."

Alamar ta nuna ta gani. Minti biyar shiru, minti goma shiru. Sannan ta turo.

"Sakakkiyar mace me ba za ta faɗa ba? Baƙin ciki ne kawai."

"Yaya, hannunta a karye yake, kullum ina ganinsa."

"Ba a yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Na tura masa, ya zo ya kare kansa."

Na karanta saƙon sau uku. Na koma na buɗe hoton da na tura. A can sama, da rubutun nan nata mai kwanciya, ga cikakken sunanta ga kwanan wata, yadda na koya mata.

Na kira Yaya, ina jin ta ɗauka na ce, "Kin kashe ta. Goge, ki goge yanzu."

"Ke, ni kike ɗaga wa murya? Ya riga ya gani. Ai gara a yi ta a fili, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ina cire wayar daga kunne saƙonsa ya shigo, har da hoton fure a ƙarshe. "Malamata, kada ki sa damuwa a ranki. Yanzu zan je in gyara komai."

Rigar da ke jikina ta zaman gida ce, fara mai ɗigon shuɗi, na zari mayafin da hannuna ya fara taɓawa, na zura silifas ɗin wanka. Mama tana tambaya ina zuwa, ban tsaya ba. Na san shagon Bahaguwa, na taɓa kai mata gyaran siket, yana cikin wani layi tsakanin mai walda da mai kitso. A cikin tasi na kira lambarta sau bakwai tana ta ƙara ba a ɗauka. Na roƙi direban ya taka, ya ce shi ba jirgi yake tuƙawa ba.

Tun daga bakin layin na hango farar motar. Mutane sun kai goma sha biyar a ƙofar shagon, maza da mata, sun yi cirko-cirko. Mai walda yana tsaye da tabaransa a goshi, hannu a ƙugu.

Na ce, "Me kuke kallo? Ku shiga mana."

Wani ya ce, "Uban 'yarta ne, baiwar Allah. Ba a shiga tsakaninsu."

Na ture shi na kutsa. Shagon ƙarami ne, in mutum uku suka tsaya sai ɗaya ya fita. Keken ɗinki yana kwance a ƙasa, zare ya warware ko'ina, kayan mutane da ta rataye an tattake su. Ita kuma tana durƙushe a gefen teburin yanka, ɗankwalinta ya faɗi, idonta ɗaya ya rufe don kumburi, leɓenta a fashe. Ya danne hannunta na hagu a kan teburin, a ɗaya hannunsa kuma dutsen guga ne. Babu agogo a hannunsa.

Da muryar nan tasa mai sanyi yake ce mata, "Da wannan kika rubuta? Ashe har Turanci aka koya. Na ce miki in kika buɗe baki me zan yi?"

Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe shi ba, numfashi kawai take ja. Na ce, "Don girman Allah ka bari," amma kafin in kai gare shi ya sauke ƙarfen a kan yatsunta. Na ji ƙarar, ba zan kwatanta muku ita ba. Ya ɗaga zai ƙara, na rungume hannun da dukkan ƙarfina, na kafa masa haƙori a dantse. Ya juyo ya gan ni, fuskarsa ba ta canza ba ko kaɗan.

"Malama, fita. Wannan ba naki ba ne."

"Sai dai ka haɗa da ni."

Ya kuwa haɗa. Da bayan hannu ya make ni, kunnena ya yi ɗif, na tafi da baya na faɗa kan dogon madubin da masu gwada kaya suke dubawa. Madubin ya tarwatse, wani yanki ya tsarge ni daga gwiwar hannu zuwa kusa da tafi. Jini ya ɓalle, ya wanke gaban rigata.

Sai a lokacin mai kitso ta kurma ihu, mai walda da wasu maza biyu suka faɗo ciki suka riƙe shi. Kun ji fa. Ita da ake karya wa ƙashi tun ɗazu tasa ce, ni da na zo daga waje ni ce mutum. Bai yi kokawa da su ba. Ya ce su sake shi, suka sake shi, ya kakkaɓe rigarsa, ya dube ni ina zaune cikin fasassun gilashi.

"Kin ga abin da kika jawo wa kanki ko? Je ki a ɗinke miki. Zan je in yi wa Baba bayani da kaina."

Aka buɗe masa hanya ya wuce.

Ni da mai kitso muka kai ta wani ƙaramin asibiti a bayan layin. Ni ɗinki tara aka yi mini. Ita yatsu uku ne suka karye, da haƙarƙari ɗaya. Da aka gama naɗe ta na shiga na tsaya a gefen gadon, na kasa haɗa ido da ita. Na ce, "Ni na jawo miki. Ni na ɗauki hoton, ni na tura. Ki yafe mini, ko kada ki yafe, duk wanda kika yi daidai ne."

Da ta yi magana, da ƙyar kalmomin suke fita ta fasasshen leɓen.

"Karantawa na ce ki yi, Malama. Ban ce ki nuna ba."

Na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya. Na ce, "Me ya sa ba ki ja ni gefe kin faɗa mini ba tun ranar da kika zo? Wata uku kina zaune kina kallona."

"Na zo in faɗa, kullum sai bakina ya ƙi. Ya ce ranar da na faɗa wa wani zai ɗauke 'yata, shekararta biyar." Ta ja numfashi, ta runtse ido don zafi. "Kuma na sha faɗa da Hausa. Na faɗa wa mahaifiyata, na faɗa wa yayyena, na faɗa wa maƙwabta, kowa haƙuri yake ba ni. Shi ne na ce bari in koyi wani yaren in gwada, ko shi za a ji."

Ta ɗago hannayenta biyu ta duba, na dama karkatacce, na hagu a cikin filasta. Ta ce shekara biyu ta yi tana koya wa hagun riƙe almakashi. Sannan ta roƙi mai kitso ta je makaranta ta ɗauko yarinyar kafin a tashi, ta ɓoye ta a gidan ƙanwar ita mai kitson, kada ta bi ta babban titi.

Wajen ƙarfe biyar na isa gida. Farar motar tana ƙofarmu, an gyara mata tsayuwa a inuwa. Daga tsakar gida ina jiyo muryarsa a falo, a hankali, cikin ladabi, yana cewa matar nan ta daɗe tana bibiyarsa da sharri, yau har ta sa an ji wa Malama ciwo garin rabon faɗa. Na ji Baba yana cewa "Allah ya kyauta, ai mun san halinka." Na ji ƙarar cokali a kofin shayi, da dariyar Yaya.

Mama ta fito daga kicin da faranti, ta gan ni, farantin ya kusa suɓuce mata. Ta dubi bandejin, ta dubi kumatuna da ya haye, ta dubi rigar da jini ya bushe a kanta tun daga wuya har gwiwa. Idonta ya kawo ruwa, na ga haka da idona, kuma har abada ba zan ce ba ta ji zafi ba. Ta matso ta kama kafaɗata, ta yi ƙasa da murya.

"Shi ne?"

"Shi ne, Mama."

Ta juya ta kalli ƙofar falon, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Shiga ta baya ki canza rigar nan tukuna, kada Babanku ya gan ki haka a gaban baƙo."

Na cire hannunta daga kafaɗata a hankali. Na yaye mayafin na ba ta ta riƙe mini, don kada ya rufe komai. Na taka zuwa falon da silifas ɗin wankana, na tura ƙofar, na yi sallama.